Baba Ɗanjuma mai rediyo da ƙugin amfilifayata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan koko yau da safe ɗansa ya kira ni: Baba Ɗanjuma mai gyaran rediyo na bakin tasha, Kaura, ya rasu.

Ba ɗan'uwana ba ne. Amfilifaya ce ta haɗa mu.

Masu bina a nan sun san ina kaɗa jita a wajen biki. Amfilifayata tsohuwa ce, irin mai kwalabe a ciki, daga Maraɗi na sayo ta. Ana saura kwana shida wani biki a Shinkafi ta fara ƙugi, har ba a jin kiɗan. Masu gyara biyu suka ce in jefar in sayi sabuwa.

Sai na kai wa Baba Ɗanjuma. Ya buɗe bayanta, ya sa hannu ɗaya a aljihu, ya ɗauki fensir yana ƙwanƙwasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa hannu zan taɓa, ya buge min shi.

"Ko an kashe ta, da wuta ciki. Kana so ka ga ɗiyanka da marece?"

Kwalba ta uku ta yi tsuwa. Ya ciro wata daga wata tsohuwar rediyo ya sa. Ƙugi ya ɗauke.

Da na koma gida Zurmi, ƙugi ya dawo. Na kira shi a fusace, har na faɗi maganar da bai kamata ba. Cewa kawai ya yi, "Can kuma mi a haɗe da wutarku?"

Washegari sai ga shi a motar haya, duk da halin da hanyar nan take ciki. Ya bi waya har firizar maƙwabcina mai ƙanƙara. Layinmu ɗaya, kuma ba wayar ƙasa. Ya kafa rodi a tsakar gida, ya ɗaura waya, ya zuba ruwa bokiti guda.

"Wanga ƙugi na gidanka na, ba nata ba."

Na yi bikin Shinkafi lafiya. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai tada maganar ba.

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan, soket ɗin jita ya saki. Hannunsa na rawa, sai ya miƙo min ƙarfen soda ya ce, "Riƙa, ni in gwada maka wurin." Muka gama, ya ba ni gwangwanin madara, cikinsa kwalaben amfilifaya huɗu naɗe a tsumma. Ya ce ba a samunsu yanzu.

Na tambaye shi lambobinsu. Ban tambaye shi jikinsa ba.

Jana'iza ƙarfe biyu a ƙofar gidansa.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa Baba Ɗanjuma a addu'a.