Yadda Gaisuwar Suruki Ta Zubar da Kifin Tondibia

Mun tashi daga Yantala da asuba, liman bai ko gama shafa addu'a ba, ni da abokina, kowa bisa baburinsa. Masu bibiyata sun san hali: in na ce na yi tafiya, to akwai abin ci a ƙarshenta. Wannan karon ma akwai kifi a ciki, amma ba don tumbina na fito ba, ko da yake shi ya riga ni fita daga zaure kamar kullum.

Bari ku san abokin tafiyar. Bazabarme ne haifaffen Yamai, ni kuwa Bagobiri, daga Maraɗi iyayena suka zo. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Tun muna samari nake kiransa bawana, kuma bai taɓa amsawa ba ko da mantuwa, sai dai ya ce, "Uban gidanka kake kira haka?" Sana'arsa kifi. Kullum sai ya je Tondibia, can bakin kogi, da sassafe ya karɓo a hannun masunta, ya kawo bakin gada a Gaweye, inda mata masu suya ke jiransa. Da wannan yake ciyar da gidansa. A damanar da ta wuce wani mai taksi ya ji an kira sunan unguwa daga ɗaya gefen titi, ya karya kan mota bai waiwaya ba, ya kwashe shi. Ƙafar dama ta karye. Ya yi watanni a kwance, asibiti da mai ɗori suna karɓa-karɓa da shi. Masuntan sun yi masa kara, suka riƙa ba wani kasonsa na wucin gadi. Amma kwanan nan suka aiko cewa in bai zo sun gan shi bisa babur da idonsu ba, za su bar wa wancan kason gaba ɗaya. Shi kuwa tun da ya miƙe, ko inda babur ɗin yake ba ya son kallo. Ni na yi ta zuga shi har ya yarda, na ce zan raka shi.

Mun yi shiri irin na masu zuwa yaƙi. Kaske nawa, wato hular kwano, a bayan randa na samo shi, kaza ta yi ƙwai a ciki har ta fara kwanci, sai da muka zauna sulhu da ita. Kada ku yi mini dariya, na san naku. A birnin nan a gwiwar hannu ake rataya kaske, sai an hango ɗan sanda a ɗora a ka kamar ana gaida shi. Babu gaɓar da ta kai gwiwar hannun ɗan Yamai tsaro. Mu dai mun saka, mun ɗaure igiya a haɓa har ina jin numfashina yana neman izini kafin ya wuce. Abokina ya sa rufaffen takalmi da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran hanya. Ya taɓa birki, ya kunna fitila, ya goge madubi, ya sake taɓa birki. Muka yanke cewa shi ne gaba, ni a baya, duk motar da za ta kai gare shi sai ta bi ta kaina. Wanda ya san faɗina ya san wannan ba ƙaramin shinge ba ne.

Hanyar yamma a wannan lokacin ta masu jakuna ce da raƙuman da ke shigowa gari da ciyawa da tabarmi. Yashi ya cinye gefen kwalta, daidai inda aka bar wa mai babur, ga ramuka waɗanda in ka faɗa cikin wasu sai an zura maka guga. Mun tsaya wajen mai sayar da esans, wato fetur, a kwalba. Ya faɗi kuɗi, na tambaye shi ko har da kwalbar da teburin. Ya ce har da addu'a. Abokina bai yi dariya ba. Tafiya yake a hankali, kafaɗu a ɗage, duk motar da ta taho daga baya sai in ga wuyansa ya shige cikin riga kamar kunkuru. Wata tsohuwa da ƙwarya a ka ta wuce mu, ta gaishe mu, ta je ta sayar da nononta ta dawo ta sake gaishe mu. Can gaba wata fitila ɗaya ta doso mu, na ɗauka ɗan'uwanmu ne mai babur, har na ɗaga hannu. Ashe babbar motar yashi ce mai ido ɗaya. Muka sauka cikin ciyawa muka ba ta hanyarta, ta wuce ko gaisuwa babu.

Mun isa Tondibia gari ya yi haske. Kogi shimfiɗe, jirage suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, mata suna wanke tukwane a bakin ruwa, iska mai sanyi tana ɗauke da ƙarnin da ni a wurina ya fi turare. Masuntan suka taso da fofo, fofo, sannun Zabarmawa, wannan ya kama hannunsa, wancan ya duƙa yana latsa ƙafar kamar zai saya. Babbansu wani dogon tsoho ne mai gajeren wando. Ya nuna wata bishiya can nesa da baki, ya ce ya je ya kewayo ta. Abokina ya hau, ya tafi, ya kewayo cikin yashi, bai ko sauke ƙafa ba. Tsohon ya juya ya ce a cika masa kwando.

Aka kawo shayi da fari masa mai zafi, wata baiwar Allah ta ajiye mana dambu da zogale, aka gasa mana karfasa. Na ci har masuntan suka fara shawarar komawa ruwa. A nan ne abokina ya kalle ni ya ce, "Ku ɗaure jiragenku, Bagobiri ya zo, yanzu zai haɗa da su." Rabona da jin ya tsokane ni tun kafin taksin nan. Na ji daɗin zagin nan fiye da kifin. Aka ɗaure masa kwando a baya, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa guda mai girman ɗan maraƙi, aka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Babban masuntan ya ce, "Sai gobe ke nan." Abokina ya ce, "Sai gobe, in Allah ya so."

Dawowa ita ce aiki, don gari ya farka. Na tsaya a bayansa ina karanta direbobi kamar allo. Wannan waya a kunne, wancan waya a cinya yana murmushi shi kaɗai. Masu taksi idonsu ba ya kan titi, yana kan bakin mutanen da ke tsaye a gefe, suna jiran a ambaci unguwa. Kilinyota kuwa, ƙaramar wutar nan da ke nuna inda mota za ta karya, wasu ba su taɓa kunna ta ba tun da aka sauke motar daga jirgi, suna adana ta don magada. Wasu kuma sun kunna ta dama tun bara, suna ta tafiya hagu. A wata mararraba muka tarar da fasassun gilasai da takalmi ƙafa ɗaya a tsakiyar kwalta, ga wani ɗan kabu-kabu zaune a ƙasa riƙe da kafaɗa, mai motar tsaye yana shafa inda fentinsa ya goge. Abokina ya kau da kai. Ni ma na rasa abin dariya a wurin, na bi shi muka wuce.

Duk da haka tuƙinsa ba abin da za ka kushe. Ba ya kutsawa tsakanin motoci, ba ya manne wa bayan faba-faba, ƙananan motocin hayan nan masu tsayawa inda suka ga dama. Wutar hanya ta yi ja, ya tsaya, ana ta danna masa oda daga baya, ya ƙi motsi. Muka gangara hanyar bakin kogi ta ƙasan Yantala, lambuna a damanmu, masu sayar da dashen itatuwa sun jera kayansu. Har na hango gada. Na fara tsara yadda zan shiga gaban matan Gaweye in ce ni na dawo musu da shi, a ba ni kan giwan ruwa ladan rakiya.

Sai wata farar mota tsaf-tsaf ta wuce ni, ta wuce shi, ta yanko dama a gabansa ba wata alama, ta taka birki a bakin yashi. Abokina ya yi abin da ya kamata: ya rage gudu, ya duba madubi, ya ɗan karkata hagu don ya kewaye ta. Yana daidai da ita ƙofar direba ta buɗe gaba ɗaya.

Ƙarar da na ji ba ta da girma, kamar an yar da tukunya. Na ga rigar mai ƙyalli ta tashi, na ga kansa ya daki kwalta, na ga kifi ya watsu har tsakiyar titi. Ban san yadda na sauka daga nawa babur ba.

Ga abin da ya faru. Direban, wani matashi cikin shadda, surukinsa ya hango zaune bisa tabarma a gindin bishiya. A garin nan ba ka wuce uban matarka a mota, ba ka kuma gaishe shi ta taga. Sauka ake yi, da sauri, kafin tsoho ya yi yunƙurin tashi. Saurin nan ne ya hana shi duba madubi. Ko da ya buɗe ƙofar, hannunsa ɗaya yana kan hularsa.

Jama'a suka taru. Abokina ya tashi zaune da kansa. Kasken ya tsage daga goshi zuwa kunne, amma kan da ke ciki lafiya lau. Tafin hannu ya sale, ƙafar da ta karye bara ba ta sake karyewa ba. Na ce kada a motsa motar, a kira 'yan sanda su zo su yi konsta, su auna su rubuta mai laifi. Ban rufe baki ba wani mai lambu ya ce, "Alhaji, yaron nan fa gaisuwa ya tsaya yi." Wata ta ce yaran yanzu wa ke sauka ma. Kafin ka ce me, an koma yabon tarbiyyarsa. Shi kuwa yana durƙushe, ya rasa wa zai fuskanta, surukin ko wanda ya kayar. Sai tsohon ya taso da sandarsa, ya duƙa da ƙyar, ya kama hannun abokina mai jini da hannuwansa biyu.

"Ɗana, kala suru," ya ce, wato sai haƙuri. "Saboda ni ya tsaya. In akwai laifi, a kaina yake."

Abokina ya dubi furfurar, ya dubi mutane, ya ce, "Ba komai, Baba."

Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Aka gyara wa motar tsayuwa, aka tsince kifi daga ƙarƙashin tayoyi aka ɗauraye a bokitin mai lambu. Wata tarwaɗa ta sulale ta kama hanyar kogi, ita kaɗai ta ci ribar tafiyar. Matashin ya ce zai gyara babur, kuma na yarda zai gyara, don da gaske mai ladabi ne.

Babur ɗin ma bai yi wani lahani ba, madubi ne da fitila. Aka ɗaga masa shi tsaye. Ya ɗora ƙafa a kan abin tayarwa, ya kasa taka shi. Ya sauke, ya sake ɗorawa, ya sake saukewa. Ya koma ya zauna a bakin yashi, kasken a cinyarsa, yana bin tsagar da yatsa.

"Bagobiri, faɗa mini. Me na yi ba daidai ba?"

Ni da bakina bai taɓa mutuwa ba, ko a gaban alƙali, ko a gaban uwar gidana, sai na juya na tafi neman mai amalanke.

A amalanken jaki muka ɗora babur da kwando. Matan Gaweye suka karɓi kifin da ya sha kwalta a yadda suka ga dama, suna yi masa sannu. Muka biya ta asibiti aka wanke masa hannu aka naɗe, aka duba kan. Da la'asar muka shiga Yantala, shi a bayana, riƙe da rigata kamar zai yaga ta. A ƙofar gida ya miƙa wa matarsa makulli, ya ce a aika Tondibia a gaya musu su bar wa wancan kason.

To me tafiyar ta koya mini? Ku sa kaske a ka ku ɗaure, don ba don shi ba da yau zaman makoki nake ba ku labari. Duk motar da ta tsaya, ku ba ta faɗin ƙofa, ko da na baya zai cinye ku da oda. Kada ku kalli mota kaɗai, ku kalli bakin hanya: mai tsayar da taksi, mai sayar da burodi, tsoho bisa tabarma, kowannensu birki ne a ƙafar wani. Ku kuma masu mota, madubin nan ba na gyaran hula ba ne. Suruki zai iya jiran numfashi ɗaya, ba a taɓa raba aure don an duba baya ba. Na faɗa ne don a ce na faɗa. Abokina ya kiyaye kusan duk wannan, ga ni kuma a bayansa da faɗina, aka zo aka same shi ta gaba, ba da mugunta ba, da ladabi. Ban san wace hula ake sayarwa don wannan ba.

Washegari da na fito masallaci na bi ta ƙofar gidansa. Yana zaune a kan benci da naɗaɗɗen hannu, a lokacin da ya kamata a ce ya kai rabin hanya. Na tattaro 'yar fara'ar da ta rage mini na ce, "Bawana, an tashi lafiya?"

Ya ce, "Na'am."