Wata bakwai ban goya Rakiya ba

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Na san na ɓace muku. Masu turo saƙo suna tsokanata wai Madam ta yi kuɗi ta manta da mutane, ku yi haƙuri, ba kuɗi na yi ba. Ciwon zuciya na yi.

Ga wanda bai san ni ba, ina koyarwa a wata lakwal, wato makaranta, a Tsarnawa, gidana kuma yana Konni. Yarana uku. Maigidana direban motar albasa ne, sai ya yi sati bai kwana gida ba. Kullum sai na yi shara, na dafa na safe da na rana, sannan in hau kabu-kabu. Ni ce mai cika baki wai ban san gajiya ba.

Da na haifi Rakiya, Innata ta zo daga Tajaye ta yi min wankan jego. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kwano guda. Aka yi arba'in ta koma gida, ni kuwa ban daina kunun ba. Da hutun haihuwa ya ƙare, a fulas nake zuba shi in tafi da shi lakwal, wai don in samu ƙarfi da ruwan nono.

Sai na fara cika. Fuska ta yi fam, takalmi ya matse, zobe ya ƙi fita. Abokan aiki suna ta cewa, "Kai Madam, jego ya karɓe ki!" Ni ko sai washe baki nake, ashe ruwa ne yake taruwa a jikina.

Na rubuta layi uku a allo sai na dafa tebur ina haki. Kwanciya ta gagara sai na jingina da matashi. Na ce gajiya ce ta mace mai aiki biyu, wa zan kai wa ƙara?

Wata Laraba na dawo daga aiki, na ɗora Rakiya a baya, lokacin watanta huɗu. Ina jan zani a ƙirji numfashi ya tsaya min cak. Na durƙusa da ita a bayana. Maƙwabciyata ce ta kwance ta, ta yi ihu aka samo mota.

A asibiti aka auna jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka tura ni garin Tawa don a duba zuciya da na'ura. Kwanana goma sha ɗaya a gado. Kowace safiya a ɗora ni a sikeli, a auna fitsari, a yi min allurar fitar da ruwa. Awo da maganin farko kaɗai sun cinye albashina na wata. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na riƙa tunanin wa zai riƙe min yara.

Likitan ya ce, "Madam, zuciyarki ta yi rauni bayan haihuwa, yana faruwa. Amma kanwa da gishiri da aiki ba hutu sun ƙara mata kaya. Daga yau ba kanwa, ba daka, ba ɗaukar ruwa, ba goyo."

Na ce, "Har goyo, likita?"

Ya ce, "Har goyo, sai ranar da na ce."

Inna da ta zo jinyata tana zaune a ƙasa, ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ni na dama maki shi da hannuna, ɗiyata. Hakanan uwata ta yi mani, ban san shina cutarwa ba." Na ce mata ita a arba'in ta tsaya, ni ce na zarce.

Ta bar girbinta ta dawo gidana. Ita ke goya Rakiya, ni ina zaune a tabarma ina kallo. A bayan Inna take barci. Da ta fara rarrafe, idan kuka ya zo mata sai ta wuce ni ta je ta bubbuga bayan Inna. Wallahi wannan ya fi allura ciwo. Zanen goyon da na saya tun ina da ciki yana ninke a ƙarƙashin matashina, wani lokaci in ciro shi in shinshina in mayar.

A watannin nan na koyi abin da girman kai ya hana ni da. Na koyi cewa "ba zan iya ba". Maigida ya koyi ɗebo ruwa, manyan yaran suna wanke kayansu. Kwanuka suka wuni ba a wanke ba, kuma babu wanda ya mutu.

Satin da ya wuce aka sake duba ni. Likita ya ce zuciyar ta farfaɗo sosai, in ci gaba da magani. Ya yi murmushi ya ce, "Ki goya, amma kaɗan-kaɗan."

Da na isa gida, ko mayafi ban cire ba na ɗauko zanen. Na sunkuya, Inna ta ɗora min ita. Rakiya ta banƙare, ta tsala kuka, tana miƙa hannu wajen kakarta. Na ce, "Inna, karɓe ta."

Inna ta ce, "Ba ni karɓa. Ɗaure ɗiyarki." Ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Na zagaya tsakar gida ina jijjiga ta, tana kuka ina kuka. A zagaye na biyar na ji kuncinta ya sauka a bayana.

Alhamdulillahi. Na gode wa Inna, da maigidana, da maƙwabciyata, da ma'aikatan asibiti, da ku da kuka yi ta cigiyata. Allah ya saka muku da alheri.

'Yan uwana mata, idan kin haihu kika ga ƙafa ta kumbura, danna ta da yatsa. In wurin ya lotsa bai dawo ba, ko kina haki, ko kwanciya ta gagara, ki je asibiti ranar nan, kar ki bari a ce miki ƙiba ce. Ki tambayi likita a kan kanwa. Ki nemi taimako tun kina tsaye da ƙafarki.

Yanzu haka Rakiya tana bayana tana barci, miyanta ya jiƙa min riga. Lokacin da likita ya ɗiba min ya kusa cika, bari in ajiye wayar in ji nauyin ɗiyata.