Gwazar da Na Kai wa Kaka

A unguwar Karantina, can ƙasar Larabawa, aka haife ni, cikin gida mai ɗaki biyu da tsakar gida ɗan mitsitsi. Muna da gas, amma Kaka, mahaifiyar babanmu, ba ta yarda da shi ba. Bayan magariba sai ta hura gawayi, ta ɗora tukunyar gwaza, mu jikoki mu zagaye ta muna haɗiyar yawu.

Gwazarta ƙanana ce, mai gashi-gashi, wadda ake samu a shagon Indiyawa. Da ɓawonta take dafa ta, in ta nuna ka matsa ta sulɓo, ka dangwala a yaji. Babbar da ake kawowa daga Masar, wadda Larabawa ke kira ƙulƙas, ko kallo ba ta ishe ta ba.

"Yalla, maza ku matso," in ji ta. "Mai surutu ba shi da rabo."

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta 'yan'uwa mata biyu da suka shiga ƙasa neman abinci. Babbar ta ci nata ita kaɗai, ta yi ƙiba har ta cika rami. Ƙaramar kuwa duk abin da ta samu sai ta raba wa 'ya'yanta, shi ya sa ta tsaya 'yar ƙarama, su kuma suka manne a jikinta. Da manomi ya tono su, babbar ta fito ba kowa a bayanta, ƙaramar ta fito da zuri'a guda. Ni dai a lokacin tukunyar nake saurare.

Shekaru suka ja. Aka rushe Karantina, Kaka ta koma wajen Gwaggo Saude a unguwar Nuzla, ni kuma ina aiki a wani ofis a unguwar Bagdadiyya. Jikinta ya yi rauni, abinci ba ya shiga. Wata rana ta kira ni a waya.

"Rabi, ƙananan nan nake marmari. Ko guda biyar ne."

Na ce to. Amma na taso a gajiye, shagon Indiyawan kuma sai na ratse hanya, ga cunkoso. Na shiga kantin da ke ƙasan gidanmu na ɗauki ƙulƙas ƙato guda, na fere, na yayyanka ƙanana, har da gyara gefensu su yi mulmul. Na ce a raina ai idonta ya tafi.

"Na fere miki ne don kada ki wahala," na ce mata.

Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi a yatsunta, ta daɗe tana taunawa.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," ta ce. Ta cinye tas.

Na yi niyyar kawo ta gaskiyar ranar Juma'a. Juma'a uku suka wuce, kafin ta huɗu Kaka ta rasu.

A zaman makoki Gwaggo Saude ta kama hannuna a gaban mata. "Wannan ce ta cika mata burinta," ta ce. "Har ta bar duniya tana faɗin Rabi ta kawo mata irin ta gida."

Matar da ta shekara saba'in tana cin gwaza ba za ta kasa bambancewa ba. Ta sani sarai, rufa mini asiri ta yi. Mata suka yi ta sa mini albarka, ni kuma na sunkuyar da kai ina amsa amin, kuma har yau ban iya gaya wa Gwaggo ba.