Garmar da na ƙwace daga hannun yayana

A daminar da na dawo daga Kumasi, yayana ya kira gayya a gonarsa ta dawa, can bayan Bakori. Shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai jiki, ba ya rabuwa da sigari, kuma ba ya cin tuwo sai da man shanu ya kwanta a kai.

Tun da safe na lura yana murza ƙirji. Matarsa ta ce mini ya kwana biyu yana shan jiƙon kanwa, wai ƙwarnafi ne. Da na tambaye shi, sai ya ce lafiya lau. Na zauna da Asante mutanen Kumasi, na zauna da Larabawan Sudan, in ka gaida ɗayansu zai lissafa maka abin da ke damunsa. Mu kuwa namiji ko yana kan gargara, amsarsa lafiya lau.

Mutane suka jeru da garemani, har da ƙannen matarsa da suka zo daga Danja. Makaɗi ya saki ganga, ya bi yayana a baya yana zuba masa kirari. Mai gayya ba ya tsayawa ganga na kiransa, balle a gaban surukai. Yayana ya kai ƙarshen kunyar da yake nomewa ya juyo, na ga fuskarsa ta yi fari kamar toka, yana yarfa hannun hagu. Haka na taɓa ganin wani direba ya yi a tashar Kumasi, bai kai la'asar ba.

Na je wurin makaɗin, na roƙe shi a hankali ya sassauta. Ya yi dariya, ya ce wa jama'a ɗan birni ya gaji tun bai taɓa ƙasa ba. Aka kwashe da dariya, ya ƙara wa gangar wuta.

Sai na shiga kunyar da yayana yake nomewa, na tsaya a gabansa, na kama ƙotar garmar.

"Sake ni, kai," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ana kallonmu."

"Yaya, ka doke ni in ka so. Ba zan saki ba."

Ganga ta tsaya. Ya ja, na ja. Wannan mutumin da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai, na karɓe garmar daga hannunsa kamar daga hannun yaro. Nan ya durƙusa. Wani ya ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho, na ƙi. Muka tare motar wani Bayarabe mai sayen hatsi, muka nufi asibiti a Malumfashi, kansa a cinyata, ina jin numfashinsa yana sarƙewa a kowane rami.

Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin zuciyarsa, kanwar ma ƙara masa take yi. Ya hana shi sigari da kitse da yawan gishiri, ya ce ya riƙa zuwa awo ko yana jin garau.

Da yayana ya samu bakin magana, ya ce na kunyata shi a gaban surukansa. Na ce haka ne. Har aka yi girbi gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya rayu ya aurar da 'ya'yansa duka, kuma ni nake goya shi a babur zuwa awo.