Rabon Uwale a Kwarin Gado

Duk Dakoro babu wanda bai san Uwale mai ƙuliƙuli ba. In bai san ta da ƙuliƙulin ba, to ya san ta da baki. A wani ƙauye wajen Birnin Lalle aka haife ta, tsakanin maza biyu, yayanta Zakariya'u da ƙanenta Hama. Aure ya kawo ta gari, ta yi ƴaƴa, mijin ya rasu, ta ci gaba da suyarta a ƙofar gida. Duk wanda ya saya sai ta yi masa gyara da labari, ko yana so ko ba ya so.

Labarin kuwa bai wuce na autanta Abdurrazak, wanda boko ta kai shi wani labo, ɗakin gwaje-gwaje, a Yamai. Aikinsa gwada gyaɗa da hatsi, a gano ko fumfuna ta sa musu guba. Na'ura ce ke tace abin, ta zana sakamakon a odinata, wato kwamfuta, kamar jerin tuddai, shi kuma ya duba inda kowane tudu ya fara da inda ya ƙare. Ya taɓa yi mata wannan bayani a waya. Uwale ta tsinci abu ɗaya, wato ɗanta yana raba iyakar tuddai da na'ura. Ta ƙulle wannan a bakin zane, ta zubar da sauran.

Abin da ba ta sa wa a labarinta shi ne ƴan'uwanta. Da mahaifinsu ya rasu ya bar gonaki biyu a kan tuddai biyu, da kwari a tsakani inda ruwa ke kwanciya, dawa ta yi ko da damina ta yi rowa. Zakariya'u ya dasa gamba ya ce nan ce iyaka, Hama ya tumɓuke ya dasa tasa gaba. Mai gari ya yi ya gaji, liman ya yi ya gaji. Gaisuwa ta mutu. Ko biki ake yi sai an zuba musu tuwo kwano daban-daban. Wannan abu yana cin Uwale ƙwarai, don ita ta goyi Hama, ita kuma Zakariya'u ya goye ta. Rabonta na gado kuwa ba ta taɓa tambaya ba. Ta bar shi hannun maza kamar yadda mata da yawa ke yi, in kaka ta yi kowa ya aiko mata da dami.

Sai ta aika musu cewa su yi haƙuri, Auta na zuwa hutu da na'urarsa, zai raba musu.

Auta bai san an yi alkawari da sunansa ba sai da ya ga ana tura shi cikin motar kasuwa.

"Inna, ni fa ba mai awon gona ba ne."

"Ba kai ka ce kana raba tuddai ba?"

"Na gyaɗa, Inna."

"Tudu dai tudu ne. Shiga mu tahi, kada ka kunyata ni."

Suka tarar da tsofaffin a gindin gawon kwari, kowa da tabarmarsa, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya. Abdurrazak ya durƙusa ya gaida kawunnansa, ya buɗe odinata, ya ce tsakani da Allah wannan ba gonarsu ba ce, gwajin gyaɗa ne. Babu wanda ya ji shi. Tuddai biyu suka gani da kwari a tsakani, magana ta ƙare.

"Dogon nan nawa ne," in ji Hama.

"Uwale," in ji Zakariya'u, "hwaɗa ma wancan mutum ya buɗe ido da kyau."

Da Auta ya ga babu mafita, sai ya yi abin da ya iya. Ya nuna musu baƙaƙe biyu da na'ura ke rubutawa gefen kowane tudu, na farko don mafarinsa, na biyu don ƙarshensa. B na nufin tudun ya taɓa ƙasa sosai. V na nufin bai sauka ba, ya tsaya a kwari ya haɗe da maƙwabcinsa. Ya ce shi ya sa na farkon nan yake BV, na biyun VB, wato ba su gama rabuwa ba, na'ura ta dai ja layi a tsakaninsu don dole.

Tsofaffi suka yi gyaran murya, kowa na shirin cewa layin ya matsa wajen ɗan'uwansa. Uwale kuwa ta miƙa yatsa ta dangwala a gilashin, har ta bar masa shaidar mai.

"Wanga ɗan ƙullutu hwa, da ke cikin kwarin?"

Auta ya faɗaɗa hoton. Ya ce ai ƙaramin tudu ne, na'ura ta tsallake shi don ƙanƙantarsa, amma in an ce ta lissafa da shi za ta yi. Ya danna. Sai ga VV gefensa.

"Kwari ta dama, kwari ta hagu," ya ce. "Ya jingina da su duka biyu. In aka sa shi kuma, rabon manyan nan kowane sai ya ragu."

Uwale ta ƙura wa ɗan ƙullutun ido. Can ta gyara ɗaurin kallabi.

"To ni ce wannan. Tsakaninku aka haihe ni, kuka tsallake ni. Kwarin ga rabona ne, bana ni za ni shuka shi."

Zakariya'u ya juyo gaba ɗaya. "Hama, ka ji abin da take hwaɗi?"

"Na ji, Yaya. Wallahi na ji."

Rabon da su yi wa juna magana tun kafin Auta ya gama makaranta. Kafin azahar Hama ya jawo tabarmarsa kusa da ta yayansa, sun haɗa kai suna ƙus-ƙus kan yadda za a yi da mace mai ido a gonar maza. Uwale ta shiga gida ta karɓi muciya hannun matar Hama, ta tuƙa tuwo, ta zuba a kwano ɗaya ta aika musu. Ta zauna tana jira. Kwanon ya dawo an suɗe shi tas. Ta yi dariya, ta yi kuka, ba ta ɓoye ko ɗaya ba.

Har yau ba a raba kwarin ba. Duk farkon damina Uwale kan tayar da maganar, tsofaffin su shigo mota ɗaya su zo Dakoro ba ta haƙuri, ta cika musu aljihu da ƙuliƙuli ta ce za ta yi shawara. Auta ya tambaye ta a waya ran nan, ita da ba ta riƙe kalmen noma ba tun tana budurwa, me za ta yi da kwari.

"Ba abin da za ni yi da shi," ta ce. "Amma ranar da na ce na yahe, ranar za a koma kwano biyu. Kai dai kula da gyaɗarka."