Gencho da Tukunyar Alkama

Ranar arba'in ɗin mijina, maƙwabcinmu Gencho ne ya ɗaukar mini tukunyar dafaffiyar alkamar sadaka har maƙabarta, ana yayyafi, ga hawan tudu. Ban roƙe shi ba. Sai dai tun daga ƙofar gida yake yi mini bayani wai babu wani abu mai suna ruhu, mijina ya riga ya zama taki.

"Nevyana, ke da hankalinki, mamaci yana cin alkama?"

"A'a, Yaya Gencho, masu ɗaukar tukunya ke ci."

Ya kuwa ci, har da neman ƙari.

Tikiti yake dubawa a jirgin ƙasan birnin Ruse har ya yi ritaya. Shekarar da aka rufe masaƙar garinmu, aka watsar da littattafan ɗakin karatunta a fili. Gencho ya kwaso su a baro, ya rantse sai ya karance masanan duniya kaf, tun daga Girkawan farko.

Wanda duk yake karantawa, shi yake zama a wannan watan. Da ya kai kan masu raina jin daɗi, sai ya hana kunna murhu, matarsa Siyka ta ƙare hunturu cikin kwat biyu. Da ya kai kan masu shakkar komai, ya ce ba shi da tabbacin akwai akuyarsa. Akuyar da babu ita ce ta cinye mini kabejin lambu.

Ranar baftismar jikarsa ya tsayar da fada, wato limaminmu, a tsakiyar coci, wai a kawo masa hujja kafin a jiƙa yarinya. 'Yarsa Ralitsa ta naɗe jaririyarta, ta koma Sifaniya, ba ta ƙara kiransa ba. Siyka ta rasu, Allah Ya ji ƙanta, ta huta da darasi. Gencho ya rage ba mai dafa masa alkama in ya mutu, abin da a wajenmu ko ɗan giya ba ya rasawa.

Ya ce shi ko a jikinsa, masani ba ya tsoron mutuwa. Amma duk ranar tunawa da matattu ina ganinsa tsaye a kan kaburburan da babu kyandir, yana karanta sunayen, bakinsa a rufe. Ban saba ganin bakin nan a rufe ba.

A lokacin kakar da tari ya kama shi, ina gasa barkono a tsakar gida, ya dafa shinge da littafi a hammata.

"Maƙwabciya, har gobe ban yarda da shirmenku ba, ki sani."

"Na sani, Yaya."

"To in na tafi, ki dafa mini. Ki kira Ralitsa ta zo ta raba da hannunta. In an tambaya, ki ce rigimarki ce irin ta tsofaffi, ni ban sa ki ba."