Ƙyallen da Ya Shaƙe Motar Surukina

Akwai wata ranar kaka da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Surukina, mahaifin matata, manomi ne a Sheme, yana da motar a-kori-kura mai amfani da dizal, irin mai turbo ɗin nan, wato fankar da ke tura iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi. Wani dattijo ne ke tuƙa ta tun tana sabuwa.

A tsakiyar aikin masara motar ta yi sanyi. A taka totur, sai ta yi gurnani ta tuttuɗo baƙin hayaƙi, tafiya kuwa kamar ta amalanke. Duk mai bin hanyar Faskari zuwa Ƙanƙara ya san ba a son mota mai jan ƙafa. Nan take magana ta bazu cewa direban yana sayar da man kirki, ya zuba gaurayen kananzir na 'yan bumburutu. Na je gaisuwa da hantsi na tarar an taru a ƙofar gida, surukin nawa, Alhaji, ya miƙa wa direban hannu yana jiran makullin motar.

"Malam, ba ni. Amana in ta ƙare, ta ƙare."

"Alhaji, ni da na ci gishirin gidan nan?" in ji direban. "Wallahi ban taɓa ba."

Wani maƙwabci ya ce, "To aljanu suka shanye mata ƙarfi kenan?" Aka yi dariya.

Suruki ba ya tsoma baki a zancen surukinsa, wannan kowa ya sani. Amma na taɓa zama da injinan dizal a wurin aiki, kuma hayaƙin nan ya tsaya mini a rai. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi mini izini in duba ta tukuna." Ya dube ni ya ce, "Kai da ba bakanike ba? To bismilla."

Na fara da man, tunda shi ake tuhuma. Na tsiyayi kaɗan a kwalba na ɗaga a rana. Garau yake, ba ruwa a ƙasa, ba warin kananzir. Filtar mai ma lafiya lau. Na ce direban ya tayar da mota ya taka, na kasa kunne. Siririn fiton da turbo ke yi idan ya ɗauka bai fito sosai ba. Baƙin hayaƙi kuwa ma'anarsa mai ya wadata, iska ce ta gaza. Na bi tiyo-tiyon turbo da hannu ina neman tsaga, ban samu ba. Na buɗe filtar iska, direban ya ce, "Jiya na kakkaɓe ta." Gaskiya ya faɗa.

Saura wuri guda, bututun da ke shigo da iska daga waje kafin ta kai ga filta. Na zura hannu har gwiwa, yatsuna suka taɓa wani abu mai laushi. Na jawo shi a hankali. Ƙyalle ne, ya yi dam da ƙaiƙayin masara. Da na kakkaɓe sai na gane shi, domin shuɗiyar shadda ce mai surfani, guntun tsohuwar rigar Alhaji wadda duk Sheme an san shi da ita.

Na dunƙule shi a hannu kafin kowa ya gani. Direban ya sake taka totur, turbo ya yi fito, hayaƙi ya washe. Na ce, "Baba, man ba shi da laifi. Numfashi aka toshe mata." Ya ce, "Da me?" Na matsa kusa, na sa masa ƙyallen a tafin hannu na rufe, na koma gefe.

Ya buɗe hannunsa ya duba. Da ya so ya jefa a aljihu, da magana ta mutu a nan. Sai ya warware shi a gaban kowa.

"Nawa ne. Ranar da aka kawo injin casa na rufe mata bakin bututun iska da shi, na ɗaure da roba don kada ta sha ƙaiƙayi, na manta. Ashe ta haɗiye." Ya juya ga direban. "Malam, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Dattijon ya share ido da hularsa ya ce, "Ba komai, Alhaji. Amma gobe in za ka yi mata rawani, ka gaya mini." Har Alhaji sai da ya dara.

Da azahar muka ɗauki masara zuwa Ƙanƙara, motar tana cin hanya kamar ba ita ba. Har yau ina alfahari da gano ƙyallen nan, amma na fi alfahari da cewa na auri 'yar mutumin da ya warware shi. Ranar na koyi cewa kafin ka tuhumi mutum, ka zura hannu ka duba ko'ina tukuna, har da wurin da kai kanka ka taɓa.